Hotunan da Baba Mai Tayil Ya Yanke

Idan Baba ya shiga gidan mutane, ba fuskar mai gida yake fara kallo ba, ƙasa yake kallo. Zai yi sallama, ya cire takalmi, sannan idonsa ya bi layin tayil daga bakin ƙofa har bango. In layin ya tafi daidai sai ka ga ya saki fuska, a gaisa cikin daɗi. In kuwa ya karkace ko da kaurin farce ne, to ranar hirar ba za ta yi armashi ba. Mun taɓa kai shi asibiti da zazzaɓi mai zafi, ana tura shi a keken marasa lafiya jikinsa na kakkarwa, amma ya ɗago ya ce da ni, "Likita, dubi ɓarnar da aka yi wa bayin Allah a nan." Na zaci majinyata yake nufi. Ashe tayil ɗin baranda ne.

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana dasa tayil, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa, kowa Mai Tayil yake cewa. Ya fara ne da kwaɓa siminti a hannun wani tsohon magini wanda bai iya yabo ba, sai dai wata rana ya dube shi ya ce ya je ya sayi cokalin gini nasa na kansa. Baba yakan ce a rayuwarsa ba a taɓa yi masa yabon da ya kai wannan ba. Kafin ya ɗora tayil ko ɗaya sai ya ja zare daga bango zuwa bango, ya auna, ya sake aunawa, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya. Cikakkun tayil tsakiyar ɗaki suke shiga, inda ido ke sauka. Waɗanda suka ci karo da bango kuwa a inji ake ɗora su a yanke abin da ya yi yawa. Idan ya gama sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da makulli, yana kasa kunne kamar mai sayen kankana. Wanda ya yi ƙarar rami ɓalle shi yake yi, ko da mai gida ya rantse ya yi masa haka nan.

Amma ka ce masa yana da fasaha, sai ya yi tsaki. "Ni ina ruwana da fasaha? Mai gida ya zaɓi launi, matarsa ta canza, ni nawa bin layi." Ko rigar da zai sa Umma ce ke zaɓa masa, don in aka bar shi sai ya shekara cikin ruwan toka.

Gara in faɗa tun yanzu, ni ba shi ya haife ni ba. Mahaifina ya rasu ina da shekara uku, ko kamanninsa ba na iya tunawa. Ina shekara biyar Umma ta auri Baba, na biyo ta riƙe da gefen zaninta. Bayan nan aka haifi ƙanena Dogo, sannan Auta. Baba bai taɓa kira na agola ba, bai kuma taɓa bambanta mu ba. In zai sayo takalma da tef ɗin aikinsa yake auna ƙafafunmu mu uku, ya rubuta a bayan kwalin tayil. Sunan Likita ma shi ya sa mini, don tun ina ƙarama ni ce mai ɗaure masa yatsu da tsumma in tayil ya yanke shi, kuma ga shi yau magani nake sayarwa a kanti. Sai dai Baba mutum ne da magana ke yi wa nauyi. Zai gyara miki ƙofa, ya kai ki makaranta cikin ruwan sama, amma ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, wannan sai dai ki mutu kina jira. Ni kuwa na girma da tambaya ɗaya a maƙale a wuya, wadda ban taɓa yi wa kowa ba: shin wannan mutumin 'ya ya ɗauke ni, ko dai kirki ne kawai yake yi wa 'yar matarsa?

Gwiwoyi ne suka raba shi da aiki. Shekara arba'in a durƙushe kan siminti ba wasa ba ce. Likitan ƙashi ya ce ko dai ya daina, ko kuma nan da shekara biyu a riƙa ɗaukarsa. Baba ya dawo gida ya wanke cokalinsa, ya shafa masa mai, ya naɗe a tsumma, sannan ya zauna ya zame wa Umma ƙarfen ƙafa. Ya jera mata kofuna daga babba zuwa ƙarami. Ya gano teburin falo ya fi matsowa bango ta hagu da yatsa biyu. Ya riƙa bin ta kicin yana nuna mata cewa yankan albasarta ba daidai yake ba. Wata rana ta kira ni a waya tana huci. "Ki zo ki samo wa ubanki abin yi, in ba haka ba wallahi ɗayanmu zai bar gidan nan, kuma ba ni ba ce."

Abin yin kuwa shi ya kawo kansa. Rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ruwa ya samu tsohon gwangwanin biskit ɗin da muke tara hotuna. Da na buɗe na tarar wasu sun manne da juna, wasu fuskoki sun jeme. Na kwashi ranakun hutuna uku ina shanya su a kan gado ina ɗaukar kowanne da waya, har na tara ɗari uku da wani abu. Na zuba su a kwamfutar hannu da na daina amfani da ita, na sa manhajar da ake shirya kundin hotuna, shafi-shafi kamar littafi, na kai wa Baba.

Ya karɓa ya jujjuya ta, ya ɗauko tef ya auna tsawo da faɗi. "Girman tayil ɗin bango ne," in ji shi. Daga ranar sunanta ya zama tayil mai wuta.

Koya masa sai da na haɗa da haƙuri. Yatsunsa sun yi kanta, siminti ya cinye su, allon ma wani lokaci ba ya jin taɓawarsu. Ga shi danna abu yake yi da ƙarfi kamar zai manna shi. "Baba, a hankali, shafawa ake yi." "To ai na shafa, ƙin ji ta yi." Na nuna masa yadda ake jawo hoto a ajiye a shafi, yadda ake ƙara masa girma da yatsa biyu, yadda ake rubutu a ƙasa. Duk yana bi da fuska a murtuke, irin ta wanda aka tilasta wa shan magani. Sai da na nuna masa yadda ake yanke gefen hoto ya gyara zama.

"Tsaya. Sake yi in gani."

Na sake. Layi ya matso ciki, gefen ya ɓace.

"Babu ƙura? Babu ɓallewar baki?"

"Babu, Baba. In ka yi kuskure ma sai ka danna nan ya dawo yadda yake."

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya girgiza kai. "Da ina da wannan a wurin aiki da ban tsufa da wuri ba." Don haka kada a ce ban faɗa ba, yankan nan ni na koya masa da hannuna.

Bayan mako biyu Umma ta sake kira, wannan karon da wani sabon ƙorafi. Wai ta samu lafiya a kicin amma ta rasa miji. Da ya karya kumallo sai ya ja kujera bakin taga, ya maƙala tabarau, ya ɗora tayil mai wuta a cinya, shi ke nan sai azahar. Shayi ya huce a gefensa sau uku. In ta yi magana sai ya ce, "Bari in rufe layin nan."

Na riƙa leƙawa ina ganin abin mamaki. Hotunan ba su da kwanan wata, mu duka mun rikice wanne ya riga wanne, amma shi ko a jikinsa. Daɓen ƙasa yake dubawa. "Wannan gidan haya na biyu ne, ga jan simintin nan. Wannan kuma bayan na sa mana ragowar tayil ɗin otal ne, kin ga mai ɗigo-ɗigo? To Dogo bai shiga makaranta ba ke nan." Da haka ya jera shekara talatin ɗin gidanmu, kuma da Umma ta bi da nata lissafin na haihuwa da yaye, wuri biyu kawai suka saɓa.

Sannan launi ya kama shi, mutumin da ya rantse bai san launi ba. Ya lura cewa in ya sa hoton Umma da koren mayafi kusa da wanda Auta ke tsaye gaban bishiya, shafin yakan yi sanyi a ido. Ya yini guda yana neman kalar bangon da za ta dace da tsofaffin hotuna marasa launi, ya gwada fari ya ce ya yi kama da asibiti, ya gwada baƙi ya ce ya yi kama da makoki, daga ƙarshe ya tsaya a kan kalar shayi da madara. Ya fara rubutu a ƙasan hotuna da yatsa ɗaya, yana cije leɓe. A ƙasan hoton Dogo yana jariri ya rubuta, "Ranar nan ya yi mini fitsari a riga mai kyau." A ƙasan na Umma tana budurwa, wanda aka ɗauka tun kafin su san juna, ya rubuta, "Ban kasance a wurin ba, na yi asara." Umma ta karanta ta ce tsufa ne ya taɓa shi, amma na gan ta ta koma ta sake karantawa.

Na ce masa, "Baba, ka ga fasahar da kake musu ke nan."

Ya ce, "Bin layi ne." Amma yana murmushi ƙasa-ƙasa, kuma ban taɓa ganin ya ji daɗin wani abu haka ba tun da ya naɗe cokalinsa. Cikakken kundin dai ya hana kowa gani. Aikin da ba a gama ba, in ji shi, ba a taka shi.

Wata biyu ya ɗauka. Wata ranar Asabar ya ce kowa ya zo da la'asar. Dogo ya baro garejinsa da baƙin mai a farce, Auta ta haɗa tayil mai wuta da talabijin don kowa ya gani da girma. Baba ya zauna a kujerar tsakiya da sabuwar riga, yana ta gyaran murya kamar mai shirin jawabi.

Shafin farko ya fito. Kyau kam ya yi kyau. Hotuna tara, uku-uku, kowanne tsawonsa daidai da faɗinsa, tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya kamar an sa zare. Falon otal sak. Abin da ban yi tunani ba shi ne, hotunan gidanmu yawancinsu masu faɗi ne, kuma kafin mai faɗi ya koma haka dole a rage shi hagu da dama.

Dogo ne ya fara gani, a shafi na huɗu. "Kai! Yaya, ga kunnenki can!" Aka duba. Hoton ranar da ya gama firamare ne. Ga Baba, ga Umma, ga Dogo da takardarsa, ga Auta a hannu, sannan a bakin layi ga kunne ɗaya da ɗan kunne. Aka fashe da dariya, har da ni. A shafi na gaba kafaɗata ce. A na gaba gwiwar hannu. Auta ta riƙe ciki tana cewa, "Ku tsaya, ku tsaya, in muka haɗa guntayen ƙila Yaya ta fito cikakkiya!" A wani hoton babu komai nawa sai inuwata a bango. Ina cikin kundin, ba a ce babu ni ba, akwai nawa ni kaɗai na makaranta da na aurena. Amma duk inda aka ce ga iyalin gidan sun taru, an yanke ni.

Dariyata ta fara zama ta yaƙe. Na san dalilin, su ne ba su sani ba. Ina shekara goma sha biyu aka kira mai hoto gida, muka jeru, sai wata yayar Baba ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke ɗan tsaya tukuna a ɗauki na 'ya'yan gida." Sau ɗaya ta faɗa, kuma ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Amma daga ranar, duk sanda aka ce a jeru, ƙafata da kanta take kai ni ƙarshen layi, in bar ɗan fili tsakanina da na kusa da ni. Ba wanda ya tura ni. Ba kuma wanda ya taɓa cewa in matso.

Na daure na ce, cikin sigar wasa, "Baba, ni kuma laifin me na yi aka yi mini gunduwa-gunduwa?"

Da ma ya yi shiru. Amma an taɓo masa aiki, sai ya gyara tabarau ya amsa mini da gaskiyarsa, kamar yadda zai amsa wa mai gida. "Ai ba laifi ba ne, ƙa'ida ce. Tsakiya ake tsarewa. Na gefe shi ake yankewa."

Ban san sanda na miƙe ba. Na ji bakina yana cewa, "Haka ne, Baba. Ai na gode ma da aka bar mini kunne." Na ɗauki jakata. Umma ta biyo ni har ƙofa tana kiran sunana, ban waiwaya ba. Ina da shekara talatin da bakwai, da aurena da 'ya'yana, amma a cikin motar haya na yi kuka irin na yarinyar da aka riƙe wa hannu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ba da gangan ya yi ba. Da gangan ne da na samu abin yin faɗa a kai. Wata biyu yana kallon hotunan nan kullum, yana ganin ɗigon tayil da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, amma bai ga ni yake yankewa ba.

Mako biyu ban taka gidan ba. Ina da zuciya, na sani, Umma ta ce tun ina goye nake da ita. Dogo ya turo saƙon ban haƙuri mai tsawon gaske, rabinsa wasa. Auta ta kira ta yi kuka. Baba bai kira ba, dama shi waya ta amsawa ce a wurinsa. Abin da ya faru a gidan daga bakin Umma na ji, don kullum sai ta kira ta ba ni rahoto ko ban tambaya ba.

Ta ce bayan fitata ya zauna tsuru-tsuru yana tambayar me ya faɗa. Washegari ya ja kujerarsa bakin taga ya riƙa danna wurin nan da na nuna masa, hotunan suna komawa yadda suke ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya buɗe sai ga ni a ƙarshe, hannu a harɗe, da ɗan filin nan a tsakani. Ya buɗe goma, ya buɗe ashirin. Can ya kira Umma ya ce, "Wai me ya sa yarinyar nan take tsayawa can?"

Umma ta ce ta ajiye tsintsiya ta dube shi. "Shekara ashirin da biyar, sai yau ka gani?"

Ya ce, "Ni a tsakiya ake zaunar da ni, a ce in kalli mai hoto. Ta ina zan ga gefe?"

Sai ta gaya masa maganar yayarsa, don ashe ta ji a ranar, ta haɗiye saboda zaman lafiya, kuma abin yana damunta har yau. Ta ce Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ranar abincin rana ma a rufe ya koma kicin.

Bayan kwana uku rahoton ya canza. "Ubanki dai ya zare," in ji Umma. "Ya rushe aikin gaba ɗaya. Yanzu hotunan ko'ina suke, wani dogo wani gajere, wani ya hau kan wani, wani a karkace. Na ce masa ina layin? Ya ce layin ya ci gidansu." Na yi dariya ban shirya ba, sannan na tuna fushi nake yi na ce mata ina da masu saye.

Ranar Talata da hantsi ina bayan kanta ina jera kwalaben maganin tari, abokiyar aikina ta taɓa ni. "Ga wani dattijo can yana fama da matakala." Kantinmu matakala uku gare shi, masu tsayi. Na ɗaga kai sai ga Baba, sanda a hannu ɗaya, jakar leda a ɗayan, yana ɗaga ƙafa da ƙyar. Mota biyu ake shiga daga gidanmu zuwa nan, ga tafiyar ƙasa a tsakani, mutumin da ko bakin titi Umma ba ta barinsa ya je shi kaɗai. Ya sa rigarsa mai kyau da hula, har da turare. Na zagayo da gudu na kama shi.

"Baba, me ya fito da kai? Umma ta sani?"

"Ta zaci wurin mai askin layinmu na je." Ya zauna a bencin masu jira yana mayar da numfashi. Ya zaro tayil mai wuta daga leda ya miƙo mini. "Duba."

Na zauna kusa da shi na riƙa turawa. Gaskiyar Umma, layi ya tafi. Amma abin da ya maye gurbinsa ya fi shi nesa ba kusa ba. Kowane hoto ya bar shi da faɗinsa, ya nema masa wurin da zai zauna cikakke, sauran su matsa masa. Wani shafin hoto ɗaya ne tal, da fili a kewaye. Wani kuma sun cunkushe suna hawa kan juna kamar yadda muke yi a kujerar falo. Ga ni nan a kowanne, a ƙarshen layi, da hannuna a harɗe. Bai ɓoye filin ba, bai kuma yi rubutu a kai ba.

"Wuce ƙarshe," in ji shi.

Shafin ƙarshe hoto ɗaya ne, ni da shi. Na daɗe ina kallo kafin na gane abin da ke damun idona. Ya yanko kansa daga wani hoto, ya yanko ni daga wani, ya manna mu gefe da gefe. Shi rana na dukansa ta dama, ni ina cikin inuwa. Kaina ya fi nasa girma. Hannunsa da ya so ya sauka a kafaɗata yana rataye a iska, don asalinsa a kan Dogo yake.

"Kwana huɗu ina haɗa mu," ya ce, idonsa a kan sandarsa. "Haɗin ya ƙi. Duk wanda ya san aiki kallo ɗaya zai yi ya gane ƙarya ce." Ya ɗago ya dube ni. "Na bi hotunan nan kaf, sau biyu. Akwai ni da Dogo, akwai ni da Auta, akwai ni da babur ɗina ma. Babu ni da ke. Ko ɗaya, Likita. Ban san yadda aka yi na bari haka ta faru ba."



Ya dafa sanda ya miƙe, ya dubi abokiyar aikina da ke tsaye tana kallonmu. "'Yan mata, kin iya ɗaukar hoto?"

"Na iya, Baba." Ta karɓi wayata, sannan ta dube shi, don ba ta taɓa ganinsa ba. "Kawunta ne kai?"

"Ubanta ne," in ji Baba, da ƙarfin da har mai sayen maganin mura ya waiwayo. "Ita ce ta fari."

Shekara talatin da biyu ina jiran wannan maganar, kuma da ta zo a tsakiyar kanti ta zo, gaban baƙi, ina sanye da farar rigar aiki mai tabon biro a aljihu. Na tsaya kusa da shi, ya jingina sandar da kanta, ya ɗora hannu a kafaɗata. Na ji nauyinsa duka a kaina, don ba tare da sandar ba gwiwoyin ba sa ɗaukarsa. Na riƙe shi ta baya. Abokiyar aikina ta ce mu yi murmushi, ni kuwa hawaye sun riga sun ɓata mini fuska.

Hoton bai yi kyau ba, kowa ya gani zai faɗa. Idona a kumbure, hularsa ta zame, bayanmu tallan maganin basir ne ɓaro-ɓaro. Na ce a sake ɗauka. Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa, ya duba sama ya duba ƙasa.

"A'a," ya ce. "Wannan ba ya son gyara. Tura mini shi yanzu."

Na tura masa, na nemi izinin awa ɗaya don in mayar da shi gida kafin Umma ta tashi unguwa da cigiya. Muka sauka matakalar ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da hannuna gam. Da muka kai ƙasa bai saki ba, ni ma ban zare ba, haka muka tafi har tashar mota.